Neman kalma: me za mu kira "alkalinity" a shirin murjani?

Mai Shirin Kimiyya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ranar Alhamis da ƙarfe 4 zan ɗauki shirin rediyo kan masu kiwon murjani a tankin gilashi da yadda suke zaɓen kayan gwada ruwan. "Test kit" na ce kayan awon ruwa, "calcium" na bar shi kalsiyam. Inda na tsaya cik shi ne "alkalinity". Baƙona ya ce shi ake fara aunawa, ni kuwa ba ni da sunansa. A taimaka.

Ɗan Jidda: Wa alaikumus salam, Anti. Ni ne baƙon, bari in yi wa jama'a bayani. Murjani dabba ce mai rai, tana gina ƙashinta da kalsiyam da kabonet da take ja daga ruwa. Abin da muke aunawa shi ne yawan kabonet da baikabonet ɗin, wato ƙarfin da ruwa ke da shi na shanye tsami. A tanki ana riƙe shi tsakanin 7 da 11 a ma'aunin dKH, kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a kowace lita, gishiri kashi 35 cikin 1000. Ƙarfin shanye tsamin ya fi saurin sauka, shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi ya fara sayen abin awonsa kafin na magniziyam ko fosfet.

Malama Kimiyya: To ai kanwa ce. Kanwar da ake haƙowa a yankin Manga na Nijar da bakin tafkin Chadi akwai sodiyam kabonet da baikabonet a cikinta, irin abin da masu tanki ke zubawa in ya ragu. Kowace mace ta san ana jefa kanwa a miyar yakuwa don a kashe tsami. Ki ce "ƙarfin kanwa".

Ba'abzine: Mu nan Nijar a lakkwal "alkalinite" muke cewa. Me zai hana a ce alkali kawai?

Mai Shirin Kimiyya: Yaya, a rediyo ba a ganin ƙugiya. In na ce alkalin ruwa ya sauka, mai sauraro kotu zai tuna.

Baba Malam: Kafin a je nan, wa ya yarda da "kalsiyam"? Muna da alli, muna da farar ƙasa. Kullum sai mu ari bakin Bature mu ci masa albasa. Ni shawarata a ce "tokantaka". Asalin kalmar ma Larabci ce, al-ƙalyu, tokar wata ciyawa da ake yin sabulu da ita. Mu ma da ruwan toka kakanninmu suka yi sabulu. Tokantaka ta bi tsarin harshe, kamar mutuntaka da dangantaka.

Malama Kimiyya: Allah gafarta Malam, asalin da ka kawo gaskiya ne. Amma alli gami ne, kalsiyam ɓangarensa ne kawai. Tokantaka kuma ta fi dacewa da pH, wato ma'aunin tsami, mai sama da 7, kuma pH da alkalinity daban suke. Ɗalibaina har a jarrabawa suna rikita su.

Ɗan Jidda: Wannan rikitarwar ce ta taɓa ci mini murjani uku. pH yana 8.2 lafiya lau, na saki jiki ina gwadawa da takardar nan da ake tsomawa, ashe alkalinity ɗin ya faɗi ƙasa da dKH 6. Da safe na ga tsokar tana saɓulewa daga gindi, farin ƙashi ya fito. Tun daga ranar na koma abin awo na ɗigo irin na kamfanin Salifert: ka ɗebi ruwan tanki mililita 4, ka ɗiga mai launi, sannan ka riƙa matsa sirinji ɗigo-ɗigo kana girgizawa har shuɗi ya juye ja-ja. Wanda idonsa ba ya rarrabe launi ya sayi ƙaramar na'urar kamfanin Hanna, ita lamba take nunawa. Kuma a duba ranar lalacewar maganin, zafin Jidda yana kashe shi in an bar shi a mota.

Baba Malam: Ɗana, ban musa aikinka ba. Amma Hausawa sun ce kanwa uwar gami. Kalmar da ta yi suna a haɗa husuma za a ɗora wa ilimi? Don dai shawarar daga Kano ta fito shi ya sa kowa ya amsa.

Bakano: Baba, da Sakkwato da Katsina da Damagaram duk kanwa ake cewa. Ba a taɓa kai tokantaka kasuwa ba.

Ba'abzine: In ana zaɓen kalma ba a tuna mu. Kanwar ma daga wajenmu take zuwa muku.

Baba Malam: Shekara 30 ina koyar da Hausa. Kalmomi nawa aka yi wa dariya yau suna bakin kowa?

'Yar Bur Sudan: Ku yi haƙuri in sa baki. Mu a bakin Bahar Maliya muka tashi, ga murjanin Sanganeb nan da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2016. Nan ƙalawiyya ake ce wa alkalinity da Larabci, ba zan ce ku ɗauka ba. Tsorona ɗaya da ƙarfin kanwa: wani ya ji a rediyo ya sayo kanwar kasuwa ya jefa a tanki, da yashinta da gishirinta.

Ɗan Jidda: Gaskiya ne, Inna. Tatacciya muke sawa, kuma kaɗan-kaɗan. Tashi ko sauka farat ɗaya ya fi lambar kanta illa.

Mai Shirin Kimiyya: Na gode ƙwarai. Zan ce "ƙarfin kanwa", in faɗi na Turanci sau ɗaya a farko, kuma Ɗan Jidda ya yi gargaɗin kanwar kasuwa da bakinsa. Kalsiyam ya zauna. Baba, zan faɗa a shirin cewa akwai masu ganin a ce tokantaka.

Baba Malam: 'Yata, na bar miki saboda lokaci ya ƙure, ba don na gamsu ba. Ki faɗe ta da kyau, da dogon wasali a farko. Kuma "tankin gilashi" ɗin nan ban yarda da shi ba, bayan Alhamis za mu dawo kansa.