Ciwon ɓarin kai gado ne? Abin da munka tattaro

Jiya wajen adashe nan Tawa hira ta faɗa kan ciwon ɓarin kai, wanda lokotoro ke ce ma migiren. Ni na taso da zancen, don tun ina ƙarama nike ganin inna ta ɗaure kai da kallabi ta shige ɗaki ta rufe taga, ko ƙarar turmi ba ta so, yanzu ga ɗiyata ta fara.

Wata malamar asibiti cikinmu ta ce eh yana bin jini, in uwa ko uba na da shi yaro ya fi kusa da samu, kuma mata sun fi maza wajen ninki 3. In ciwon ya taso yakan kai awa 4 har 72. Tunda yana bin jini, ta ce in kin je likita ki faɗi wa da wa ke da shi a gida, kar ki ɓoye.

Shawarar da sunka fi nanatawa: ki rubuta ranar da ya taso da abin da ya ja shi, yunwa ce, rana, rashin barci, turaren wuta ko jinin al'ada. A sha ruwa sosai lokacin zafi. Shan parasetamol kullum kuma shi kanshi yana jawo ciwon kai, wannan ya tada min hankali wallahi.

Amma ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, kar a ce gado ne, a ruga asibiti, yana iya zama sanƙarau.