Jami'an boda suna da hurumin raba uwa da ɗanta su kuma sa ta sa hannu a takardar da ba ta gane ba?

Yayar_Wata:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani ku taimaka min da bayani, wlh raina a ɓace yake. Ƙanwata ce ta tashi za ta je wajen mijinta da yaransu biyu, biza lafiya lau, tikiti da komai a hannu, ba zan faɗi ƙasar ba sbd maganar ba ta mutu ba tukuna. Suna sauka aka ware su gefe aka kai su wani ɗaki na ciki, aka karɓe wayarta aka ce ta buɗe, suka dinga bin hotuna da hirarrakinta na WhatsApp har wanda take yi da mijinta, sannan suka ja babban yaron suka kai shi wani ɗaki daban suna masa tambayoyi wai wannan matar mamanka ce, ina babanka yake, ƙaramar kuma tana ta tsala kuka ko ruwa sai da ta roƙa aka ba su, shi mijin yana waje yana jira ba wanda ya ce masa uffan. Ƙarshe aka turo mata takarda aka ce ta sa hannu in tana so a sallame ta da wuri, ita kuma Turancinta ba wani mai ƙarfi ba ne, ta sa, aka zuba su a jirgi na gaba aka maido su. Tambayata, doka ta ba su damar yin haka? Kuma wannan takardar me za ta jawo mata nan gaba? Akwai inda ake kai ƙara ko sai dai mu bar wa Allah?

Tsohon_Matafiyi:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yar uwa, Allah ya huci zuciyarku. Abun da mutane da yawa ba su sani ba shi ne biza ba ita ce izinin shiga ba, izini ne kawai na ka zo bakin ƙofa ka yi sallama, wanda ke zaune a kan tebur ɗin nan shi ne mai cewa shigo ko koma, kuma kusan ko'ina a duniya haka abun yake. Toh ka haɗa wannan iko da mutumin da ya tashi da baƙin rai, ga ɗaki a rufe ba lauya ba ɗan uwa ba waya, me kike tsammani. Ni dai shawarata in an shiga da kai ɗakin nan ka sassauta murya, abun da aka tambaye ka shi za ka amsa, kar ka yi ƙarya ko ta wasa, amma hannu kam kar ka sa a abun da ba ka karanta ba ko da za ka kwana a kan benci.

Ɗalibar_Shari'a:
Yaya sannu da haƙuri. Tunda ba ki faɗi ƙasar ba bari in ba ki na wurare biyu da na fi sani, sai ki duba wanne ya yi kama da naku.

In ƙasashen Turai ne na yankin Schengen, wato waɗanda ake shiga da biza ɗaya, dokar bodarsu ta ce ba a hana mutum shiga da baki kawai, dole a cike fom na musamman a rubuta takamaiman dalili, dalilan ma an jera su da haruffa jami'i ya zaɓi wanda ya dogara da shi, a ba mutum kofi ya tafi da shi, kuma yana da damar ɗaukaka ƙara. Inda gizo ke saƙar shi ne ɗaukaka ƙarar ba ya hana a sa ka a jirgi, sai dai ka bi haƙƙinka daga gida.

In Amurka ce kuma toh nan ne takardar take da muhimmanci sosai, sbd iri biyu ce kuma bambancinsu kamar sama da ƙasa. Akwai wadda mutum yake sa hannu cewa shi da kansa ya janye neman shigarsa, wannan yawanci ana soke bizar amma ba a ɗora masa haramcin shekaru, zai iya sake nema. Akwai kuma korar gaggawa wadda dokar 1996 ta ba jami'i dama ya yanke ba tare da an je gaban alƙali ba, ita wannan haramcin shekara 5 take ɗauke da shi. Mutane da yawa suna dawowa gida ba su ma san wacce aka yi musu ba sai ranar da suka koma neman biza. Kuma a wannan ɗakin na ciki da ake ware mutum a ƙara bincikarsa ba a ba ka haƙƙin lauya ya zauna kusa da kai. Maganar waya ma suna bincikawa ba tare da takardar kotu ba, ɗan ƙasa in ya ƙi buɗewa za su iya riƙe wayar amma ba za su hana shi shiga ƙasarsa ba, mai biza kuwa in ya ƙi ana iya juya shi. Masu katin zama na dindindin su ma su kiyaye, akwai wani fom I-407 na cewa ka sallama katinka da kanka, ba dole ba ne ka sa masa hannu, kana da damar cewa a kai ka gaban alƙalin shige da fice.

Abu biyu kuma da suka shafi kusan kowace ƙasa. Yarjejeniyar Vienna ta 1963, sashe na 36, ta ce baƙon da aka tsare yana da damar a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa in ya nema, sai dai wasu ƙasashen suna fakewa da cewa ai wannan ba tsarewa ba ce bincike ne. Sai yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, sashe na 9 ya ce ba a raba yaro da iyayensa ba da son ransu ba sai in hukumar da ke da hurumi ta tabbatar hakan shi ne maslahar yaron. Duk ƙasashen majalisar sun amince da ita ban da Amurka, ita ta sa hannu amma ba ta tabbatar ba har yau.

Ki tambaye ta ko an ba ta kofin takardar, sannan ta duba fasfo ɗinta me aka buga ko aka rubuta a kan bizar.

Ɗan_Kaki_Mai_Ritaya:
Hajiya ina jajanta muku, hana yara ruwa da barin uwa cikin duhu ba aiki ba ne, rashin tarbiyya ne. Amma jama'a ku yi mana adalci ba a taru an zama ɗaya ba. Na yi wannan aikin har na ajiye, kuma maganar ware yaro a tambaye shi ba daga mugunta ta samo asali ba, safarar yara gaskiya ce, akwai macen da za ta zo da yaro a hannu tana masa wasa ashe ba nata ba ne, akwai kuma wadda ta gudo da yaran bayan rigima da uban. In sunan ƙarshe na uwa ya bambanta da na yara, ba takardar haihuwa, ba takardar amincewar uba, dole jami'i ya tsaya, in ya bari suka wuce wani abu ya faru shi za a kama. Afirka ta Kudu har doka ta yi a 2015 cewa duk mai tafiya da yaro sai ya nuna cikakkiyar takardar haihuwa mai sunan iyaye biyu, daga baya a 2019 ta sassauta wa baƙi sbd masu yawon buɗe ido sun yi ta kuka. Mai tafiya da yara ya riƙe waɗannan takardun a jakar hannu ba a akwati ba.

Yayar_Wata:
Baba na gode, amma takardun haihuwa suna hannunta ta nuna musu, uban kuma yana nan waje a cikin filin jirgin, kira ɗaya za su yi ya shigo. Ɗalibar_Shari'a na tambaye ta, ta ce ba a ba ta kofin komai ba, amma an ja layi a kan bizar an yi rubutu da biro.

Mai_Faɗin_Gaskiya:
Yallaɓai Mai Ritaya da girmanka amma ban yarda ba. Kullum in an yi magana sai a ce ai wasu tsiraru ne, alhali manyan abubuwan da suka faru ba wani ƙaramin jami'i ne ya tashi da fushi ya yi su ba, daga sama aka ba da umarni. A Afrilun 2018 ministan shari'ar Amurka Jeff Sessions ya fito ya sanar da tsarin ba sani ba sabo a bodar Mekziko, duk babban da ya tsallako ba izini a gurfanar da shi, toh tunda ba a kai yaro kurkuku tare da uba sai aka dinga ƙwace yaran ana kai su wasu sansanoni daban, har da masu shan nono. Sai da duniya ta yi ca sannan Trump ya sa hannu a dakatar ranar 20 ga Yuni, bayan kwana shida wani alƙali a San Diego ya ce a mayar wa iyaye 'ya'yansu cikin kwana 30, 'yan ƙasa da shekara 5 cikin kwana 14, nan fa asiri ya tonu ashe ba su ma ajiye sahihin lissafin wane yaro ne na wa ba, ɗaruruwan iyaye an riga an tasa ƙeyarsu gida an bar yaran. In an haɗa duka yaran da aka raba sun haura 5,000. Wannan ma kare yara daga safara ne?

Kuma kar wani ya ce halin Turawa ne kawai. Aljeriya tana kwaso baƙi a manyan motoci ta zube su a cikin sahara a wani wuri da ake kira Point Zero, su taka kusan kilomita 15 a ƙafa zuwa garin Assamaka na Nijar, da mata masu ciki da yara, kamfanin labarai na AP ya ruwaito a 2018 cewa sama da mutum 13,000 aka yi wa haka cikin wata 14. A Melilla, garin Sifaniya da ke bakin bodar Maroko, ranar 24 ga Yunin 2022 Maroko da bakinta ta ce mutum 23 suka mutu a jikin shinge, masu kare haƙƙin ɗan Adam suka ce sun fi haka. Shugaban Frontex mai tsaron bodar Tarayyar Turai, Fabrice Leggeri, murabus ya yi a Afrilun 2022 bayan binciken da ya taɓo batun tura jiragen ruwan 'yan gudun hijira baya a tekun Girka. Ko lokacin da yaƙin Yukren ya ɓarke ai mun ga yadda aka dinga tura ɗalibai baƙar fata ƙarshen layi, har Tarayyar Afirka ta fitar da sanarwa. Duk inda aka ba mutum iko a kan wanda ba ya zaɓe a ƙasar, ba ya jin yaren, gobe ma ba ya nan balle ya ba da shaida, abun da za a samu ke nan.

Direban_Dogon_Zango:
Ku kuna maganar filin jirgi inda ko ba komai akwai kyamara da fom. Ku zo bodar ƙasa ku ga aiki. Yarjejeniyar ECOWAS tun 1979 ta ce ɗan ƙasashen ƙungiyar zai shiga wata ƙasar ya yi kwana 90 ba biza in dai yana da takardar tafiya da katin rigakafi, amma wlh kana riƙe da su duka za a ce kawo na sitam, ka ce a ba ka rasit a ce sauko daga mota. Kuma sun san wa suke zaɓa, mace mai goyo da tsoho da wanda bai iya karatu ba, sbd sun san mota ba za ta jira ba fasinja za su fara masifa, dole ka miƙa ka wuce. Mu direbobi ma da namu laifin gaskiya, mu ke tara kuɗin tun kafin a iso mu miƙa a dunƙule don kar a ɓata mana lokaci, har ya zama kamar haraji.

Ɗan_Kaki_Mai_Ritaya:
Mai_Faɗin_Gaskiya ban musa ko ɗaya ba ɗana, amma ka lura duk abun da ka lissafo 'yan siyasa ne suka tsara, na ƙasa aiwatarwa ya yi. Hajiya kuma in dai uban yana waje ba su kira shi ba toh an yi ganganci, wannan ba na kare shi.

Ɗalibar_Shari'a:
Yaya wannan rubutun biron shi ne bakin zaren, ku ɗauki hotonsa ku kai wa lauyan shige da fice na can ƙasar, ba ejan mai yin biza ba, mijin ne zai fi sauƙin nemo shi tunda yana can. Yawanci lambar sashen dokar da aka yi amfani da ita suke rubutawa, lauya yana gani zai gane ko janyewa ce ko kora mai haramci. Ƙasashe da yawa suna da dokar da ta ba mutum damar neman kofin fayil ɗinsa a rubuce, ta nan za ku ga abun da ta sa wa hannu da abun da suka rubuta wai ta faɗa, in ba a kawo mata tafinta ba lauyan ya sani sbd hujja ce.

Sannan tun yanzu kafin ta fara mantuwa ta zauna ta rubuta komai, ranar, lambar jirgi, ƙarfe nawa aka shiga da su ƙarfe nawa aka fito, tsawon lokacin da yaron ya yi ba ya gabanta, suna ko lambar da ta gani a rigar jami'an, ko mace ce ta caje ta ko namiji. Yaron kuma kar a matsa masa da tambaya, in ya faɗi wani abu da kansa a rubuta. Ƙorafi ana kai shi sashen ƙorafi na ita hukumar, da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ko mai sauraron koken jama'a na ƙasar, a ba ofishin jakadancinku kofi. Ba na miki alƙawarin za a hukunta wani, sau da yawa amsa mai sanyi ake turowa, amma yana shiga fayil kuma yana amfani in an zo sake neman biza. Ranar da za ta sake cike fom in an tambaya ko an taɓa hana ta shiga wata ƙasa ta ce eh ta yi bayani, ko da ejan ya ce ta ɓoye ko ta canza fasfo, sun riga sun ɗauki hoton yatsunta, kuma a Amurka ƙarya a fom tana iya jawo haramci na har abada wanda ya fi na shekara 5 ɗin muni.