Labaran taron dangi na Marvel da DC sun gajiyar da masu karatu: dole ne a karanta duka?

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga waɗanda suka daɗe suna bin littattafan zane na Marvel da DC, waɗanda muke kira BD. Kusan kowace shekara sai kamfani ya tara jarumansa kaf a labari guda, abin da muke kira taron dangi, ya ce daga wannan karon komai zai canza. Kana bin jarumi ɗaya, sai a katse labarinsa wata uku ko huɗu, a jefa shi yaƙin da farkonsa yake wani littafi, ƙarshensa yake wani. Masu karatu da dama a fadodin Damagaram sun fara ja da baya saboda wannan. Me ya sa kamfanonin ba sa dainawa? Kuma mu da littafi sai an yi saƙonsa daga Kano ko Yamai ko Faransa, wanne za mu saya, wanne za mu bari?

Malam Lawali Garin Malam:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sai ka fahimci yadda ake sayar da littattafan nan a Amurka kafin ka gane dalilin.

Abin ya kafu ne a 1984, da Marvel ta fitar da Secret Wars mai lamba 12, wato fitowa 12 a jere, wanda Jim Shooter ya rubuta. Tun asali an shirya shi tare da kamfanin Mattel mai ƙera kayan wasan yara. Ka ga ciniki ne ya haife shi. A 1985 DC ta kawo Crisis on Infinite Earths, shi ma lamba 12, rubutun Marv Wolfman da zanen George Pérez. Wannan yana da aikin da aka ba shi: DC ta tara duniyoyi barkatai cikin shekara 50, aka so a dunƙule su wuri guda. Duka biyun sun yi kasuwa, daga nan ƙofa ta buɗe.

Kowane taron dangi kashi biyu ne. Akwai uwar labari, yawanci lamba 6 zuwa 12. Akwai 'yan rakiya, wato littattafan jarumai na wata-wata da ake liƙa wa tambarin taron a bango, da wasu gajeru da ake ƙirƙira don taron kawai. Civil War na 2006 uwar labarinsa lamba 7 ce, amma 'yan rakiyarsa sun doshi ɗari.

To ga inda dabarar take. Mai shagon BD a Amurka yana yin oda tun kafin littafi ya fito, kuma a bisa al'ada abin da ya saya ya saya ke nan, ba ya mayarwa idan ya yi kwantai. Saboda haka cinikin da kamfani ke ƙirgawa shi ne abin da shaguna suka yi oda, ko an karanta ko ba a karanta ba. Cinikin littafin wata-wata kuma galibi raguwa yake: lamba 1 ta fi lamba 2 kasuwa, lamba 2 ta fi lamba 10. Hanya mafi sauri ta ɗaga littafin da ya fara sanyi ita ce a liƙa masa tambarin taro. Sai a ƙara da bango na musamman: a ce sai shago ya yi odar kwafi 25, ko 50, ko 100, kafin a ba shi kwafi ɗaya mai wani zanen bango daban, wanda masu tarawa ke saya da tsada. Mai shago ya yi odar fiye da buƙatarsa, lissafin kamfani ya yi kyau, shekara mai zuwa a maimaita.

Dubi jerin Marvel kaɗai: House of M 2005, Civil War 2006, Secret Invasion 2008, Siege 2010, Fear Itself 2011, Avengers vs. X-Men 2012, Age of Ultron da Infinity duka a 2013, Original Sin da AXIS duka a 2014, Secret Wars 2015, Civil War II 2016, Secret Empire 2017. Gona ma ana barinta ta huta. A nan marubucin littafin wata-wata ba ya samun wata goma sha biyu cur ya gina labarinsa ba a shigo masa ba.

Hadiza Zengo:

Bayanin Malam ya wadatar a kan dalili. Ni zan amsa ɓangaren wanne za a karanta, don amsar ita ce a'a, ba dole ba ne, kuma akwai hanyar tantancewa.

Ka fara da uwar labari ita kaɗai, daga lamba 1 har ƙarshe, kada ka taɓa ɗan rakiya ko ɗaya. Idan ka gama, ka koma wuraren da ka ji labarin ya yi tsalle, ka rubuta su. Sannan ka duba sunan marubucin uwar labarin, ka nemi 'yan rakiyar da shi da kansa ya rubuta. Waɗannan su ne masu muhimmanci, domin marubuci yakan ajiye wani ɓangare na labarinsa a littafin da yake riƙe da shi. Saura, waɗanda aka ba wasu marubuta, galibi an gindaya musu sharaɗi ne: kada su canza komai a babban labarin. Shi ya sa za ka karanta lamba uku ka tarar jarumin ya koma daidai inda ya tashi.

Misalai, don kada a ce zance ne kawai.

Infinity na 2013 lamba 6 ne, na Jonathan Hickman. Idan ka karanta shidan nan kaɗai, rabin yaƙin ya wuce ka, saboda Hickman ya saƙa shi da Avengers lamba 18 zuwa 23 da New Avengers lamba 9 zuwa 12, duka rubutunsa. Jimla lamba 16. Wannan shi ne labarin, sauran ƙari ne.

Blackest Night na DC, 2009 zuwa 2010, lamba 8 na Geoff Johns. Littafin Green Lantern na lokacin shi ma Johns ke rubutawa, kuma manyan abubuwa suna faruwa a can. A haɗa su a karanta bi da bi.

Final Crisis na 2008, lamba 7 na Grant Morrison, shi ya fi wahalar da mutane. Mugun da ya bayyana a lamba ta 7 an gabatar da shi ne a Superman Beyond, wani gajeren littafi mai lamba 2. Wanda bai karanta biyun nan ba zai zaci an ɓatar da shafuka. Wannan laifin tsari ne, ba laifin mai karatu ba.

Civil War kuwa, lamba 7 ɗin suna tsayuwa da ƙafarsu. Mai son Spider-Man ya ƙara da Amazing Spider-Man na lokacin, don a can aka zurfafa dalilin da ya sa ya cire abin rufe fuskarsa a bainar jama'a, da abin da ya biyo baya.

Idan kuma jaruminka ne aka katse wa labari, duba ko marubucinsa na kullum ne ya rubuta lambobin rakiyar. In shi ne, karanta, don yakan ci gaba da zarensa a ƙarƙashi. In baƙon marubuci aka kawo, tsallake, ka dawo bayan taron. Littattafan Marvel suna da shafin taƙaitawa a farko, zai gaya maka abin da ka rasa cikin layi biyar.

Abdu Sabon Gari:

Malama Hadiza, hanyarki tana rage kashe kuɗi, na yarda. Amma ba na jin yawa ne kaɗai ke gajiyar da mutane. Abin da ya fi kashe gwiwa shi ne alƙawarin da ba a cikawa.

Lokacin da Barry Allen, wato Flash, ya mutu a Crisis lamba 8 a 1985, ya kai shekara 23 ba a dawo da shi ba, sai 2008. Wally West ya gaji sunan, masu karatu suka girma da shi. Mutuwar ta yi nauyi. Yanzu kwatanta: Superman ya mutu ƙarshen 1992, ya dawo 1993. An harbe Captain America a 2007, bayan Civil War, ya dawo 2009. Human Torch ya mutu a Fantastic Four lamba 587 farkon 2011, ya dawo a lamba 600 kafin shekarar ta ƙare. Bayyana fuskar Spider-Man, wadda ita ce babbar girgizar Civil War, an share ta ƙasa da shekara biyu bayan haka ta hanyar labarin One More Day, har da aurensa aka haɗa. Mai karatun da ya ga haka sau uku, in aka ce masa wani zai mutu, lissafin watan dawowa yake yi.

Na biyu, jinkiri. Ana ba uwar labari mai zane ƙwararre, aikinsa kuma cike yake da taron mutane, shafi ɗaya jarumai talatin. Ba ya iya gama shafi ashirin da wani abu kowane wata. Da ya makara, duk 'yan rakiya sai su tsaya ko su tona asiri. Civil War ya yi jinkiri a tsakiya, aka riƙe wasu littattafai don kada su riga shi. Secret Wars na 2015 ya fi muni: an shirya lamba 8, ya koma 9, ya fara a Mayu 2015 bai ƙare ba sai Janairu 2016, alhali tun Oktoba 2015 Marvel ta fara fitar da sababbin littattafan da ke nuna duniyar bayan yaƙin. Mutane sun san wa ya tsira wata uku kafin ƙarshe. Civil War II ma haka: kafin lambarsa ta ƙarshe ta fito a Disamba 2016, an riga an ga wasu sanye da sulken Iron Man, kowa ya gane Tony Stark, mai sulken na asali, ya faɗi.

Na uku, sake lale. Bayan taro sai a mayar da littattafai lamba 1. DC ta yi haka da littattafai 52 a Satumba 2011 bayan taron Flashpoint, ta sake gyara a 2016. Ga mu masu saye daga nesa wannan babbar matsala ce, don jarumi ɗaya yana iya samun “kundi na 1” har guda biyar.

Duk da haka ba na cewa a guje su duka. Annihilation na 2006 taron dangi ne da aka yi da tsari: share fage lamba ɗaya, gajerun littattafai huɗu masu lamba 4 kowanne, sai uwar labari lamba 6. Bai kutsa cikin littafin kowa ba, kuma abin da ya canza ya daɗe.

Ɗan Birni:

Na gode, yayyena. To batun saye fa? Wanda za a aika ba lallai ya san BD ba, kuma sefa ba ta da yawa.

Isufu Tudun Jamus:

Ɗan'uwa, fara da lissafi. Lamba ɗaya ta wata-wata a Amurka yawanci dala 3.99 ce zuwa 4.99, labarin ciki kuma shafi 20 ne ko kusa. Mu ɗauka taro mai uwar labari lamba 8 a kan 4.99: kusan dala 40. 'Yan rakiya 40 a kan 3.99: kusan dala 160. In ka ƙaddara dalar Amurka a sefa 600, uwar labari jika 24 ce, 'yan rakiya jika 96, ban da kuɗin kawowa. Kashi huɗu cikin biyar na kuɗin yana tafiya ga ɓangaren da Malama Hadiza ta ce a tsallake.

Saboda haka kada ka sayi lambobi ɗai-ɗai. Jira kundin da ya haɗa su, wanda yakan fito 'yan watanni bayan an gama. Jiran yana da wani amfani: kafin lokacin an san ko labarin ya yi kyau.

Mu da muka fi karatun Faransanci, Panini Comics ke buga na Marvel, Urban Comics ke buga na DC tun 2012. Lissafinsu ya fi sauƙi tunda yuro ɗaya sefa 656 ne ba ya motsi: kundin yuro 30 ya kama sefa 19,700 ko kusa. Kafin ka biya, nemi hoton bangon baya ko shafin farko na ciki, inda ake rubuta ainihin lambobin da kundin ya ƙunsa. In Infinity ne, ka tabbata da Avengers da New Avengers a ciki. In Final Crisis ne, ka tabbata da Superman Beyond.

Kada ka aiki mutum da suna kawai. Secret Wars akwai na 1984, akwai na 2015, ba labari ɗaya ba ne. A DC littattafai masu kalmar Crisis a sunansu suna da yawa. Ba ɗan aiken lambar ISBN, mai alƙaluma 13 da ke saman layukan farashi a bangon baya, haɗe da hoton bangon gaba ta WhatsApp. Da lambar nan ba a kuskure.

In kuna da yawa a fada, ku yi kamar adashe: mutum biyar, kowa ya ɗauki nauyin kundi ɗaya, kada biyu su sayi abu guda, a riƙa zagayawa. Ajiya kuma a kula. Zafin bazara yana busar da gam ɗin kundi mai bango mai laushi, in aka buɗe shi warwas sai shafuka su fara zubewa daga tsakiya. A sa a leda, a cikin akwatin ƙarfe, a ɗaga daga ƙasa saboda gara, kada a bari a ɗakin kwano da rana.

Mai karatu a waya, manhajar Marvel Unlimited tana saka sababbin lambobi wata uku bayan fitowarsu, kuma tana jera taruka bisa tsarin karatu. Sai dai biyan yana buƙatar katin banki da ke aiki a intanet, kuma shafukan yaƙi masu faɗin shafi biyu ba sa karantuwa da kyau a ƙaramar waya. A sauke da dare in forfe, wato kuɗin intanet, ya fi araha.

Hadiza Zengo:

Ƙari kaɗan a kan na Isufu. In jika ashirin ce kawai a hannu, ni ba zan ba da shawarar a fara da taro ba sam. Akwai labaran jarumai da ke farawa su ƙare a wuri guda: All-Star Superman lamba 12, Vision na Tom King lamba 12, Batman: The Long Halloween lamba 13, Hawkeye na Matt Fraction da David Aja lamba 22. Mai son dogon zango ya nemi Immortal Hulk, lamba 50 daga 2018 zuwa 2021, ko Invincible na kamfanin Image, lamba 144 a jere, marubuci ɗaya tun daga 2003 har 2018. Ɗan Birni, faɗa mana jarumin da kake bi da shekarar kundin da ke hannunka, sai a duba maka lambobin da za ka tsallake.