Giya mai hazo: gwaninta ce ko ha'inci?

Bulus: Danjuma, hoton nan da ka turo daga Boston, na yi ta kallonsa. Kofin ya yi kauri kamar an zuba kunun zaƙi, ko inuwar yatsa ba a gani ta cikinsa. Ni dai ra'ayina ɗaya ne: giyar da ba ta tace ba, ba a gama ta ba. Duk alƙalin gasar da ya ba wa irin wannan maki, ya ci amanar sana'a. Turawa sun gano hanyar sayar da ragwanci da tsada, shi ke nan.

Danjuma: Haba Yaya Bulus, ka yanke mata hukunci daga hoto? Da ka kai hanci bakin kofin da ka yi shiru. Ƙamshin mangwaro ne da lemo da ɗan abarba, alhali ko ɗigon ruwan 'ya'yan itace babu a ciki, duk daga furen hof ne, furen da ake sa wa giya don ƙamshi da ɗaci, irin su Citra da Mosaic. A baki kuma laushi gare ta, IPA ce, wato giya mai yawan furen hof, amma ɗacin bai kai rabin na IPA ɗin Kalifoniya ba. Kuma ba jiya aka fara ba. John Kimmich da matarsa Jen sun buɗe The Alchemist a garin Waterbury na jihar Vermont a 2003, giyarsu Heady Topper mai barasa kashi 8 cikin ɗari ta fara shiga gwangwani a 2011, mutane na bin layi a kanta.

Bulus: Ita ce wadda aka rubuta wa a jikin gwangwani a sha daga gwangwanin, ko? To me ya sa? Wanda ya yarda da kayansa ba ya hana a zuba a kofi a gani.

Danjuma: Su dai sun ce don kada ƙamshin ya tsere ne idan an zuba.

Bulus: Su dai sun ce.

Malam Sani: Assalamu alaikum. Kun san ni ba na sha, amma wannan darasin na koyar da shi, bari in sa baki. Yaya Bulus, kana ɗaukar hazon nan yis ne da bai kwanta ba. A giyar da aka yi daidai, ba shi ba ne babban dalili. Suna ƙara alkama da hatsin ot a kan sha'ir, furotin ya yi yawa. Sannan su zuba furen hof mai yawan gaske bayan an sauke daga wuta, wani ma giyar na tsaka da tashi. Sinadaran furen sai su haɗe da furotin, su zama ƙwayoyi ƙanana ainun da ba sa nutsewa. Laushin da Danjuma ya ji kuwa har ruwa na da hannu: suna rinjayar da kuloraid a kan salfet. Tsohuwar IPA ta Burton a Ingila akasin haka ce, ruwanta mai salfet ne, shi ya sa ɗacinta ke da kaifi. Mutumin da ya auna gishirin ruwansa haka ba rago ba ne.

Talatu: Ni abin da ya ba ni dariya, Yaya Bulus, kai da ka tashi a unguwar da ake dafa burukutu kake cewa giya mai kauri ba giya ba ce. Kakarmu ta yi shekaru tana wannan sana'a. Ban taɓa ganin wanda ya ɗaga ƙwarya yana neman hango ƙasanta ba. Shaƙa suke yi, su kurɓa, su ce ta yau ta yi ko tsami ya wuce.

Bulus: Talatu ƙanwata, kada ki haɗa. Burukutu da ranta ake shan ta, tana kan tashi, kwana biyu ta juye, kowa ya san haka, kuɗinta ma daidai da haka. Ba wanda ya sa ta a gwangwani ya ce a biya kuɗin kaza. Ni na yi aiki a kamfanin giya bayan an hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, aka koma dawa da masara. Kin san wahalar da muka sha kafin giyar dawa ta fito garai-garai? Na'urar tacewa na toshewa, mu kwana a kai. Sai yanzu a ce abin da muke zubarwa shi ne ado.

Malam Sani: A nan kana da gaskiya rabi. Hazon burukutu daban ne, Talatu: gari ne da yis da ƙwayoyin da ke sa tsami. Amma Yaya, ka manta Jamusawa na shan giyar alkama mai hazo tun da daɗewa, haka 'yan Beljiyom da farar giyarsu. Ba wanda ya ce musu ba su iya ba. Lager, irin giyar kwalba ta kamfani, kake aunawa da ita, ita kuwa ƙa'idarta ta ce ta fito tas. Kowace iri da ma'auninta.

Danjuma: Kuma an rubuta ma'aunin. Brewers Association, ƙungiyar masu yin giya ta Amurka, ta shigar da IPA mai hazo cikin jerin nau'o'i a 2018, a shekarar kuma rukuninta ya fi kowane rukuni yawan masu shiga a gasar Great American Beer Festival a Denver. Ƙa'idar BJCP (shirin tantance alƙalan giya) ta 2021 ma ta ba ta gurbinta. Kuma ba a ce kowane dagwalo ya wuce ba. Idan alƙali ya ga gutsattsarin fure ko dunƙulen yis na yawo a kofi, aibi ne, a rage maki. Hazon ya zama bai ɗaya, mai haske, launin bambaro zuwa ruwan lemo.

Bulus: Yawan masu shiga gasa kasuwa ce, ba hujja ba. Ga tambayata: a cikin goma da ka sha, duka ne suka yi?

Danjuma: A'a, wannan kam. Akwai wadda na saya a wani shago, na zuba sai ta fito ruwan ƙasa-ƙasa, ƙamshin ya mutu, sai warin jiƙaƙƙen kwali da wani zaƙi mai gundura. Iska ce ta shige ta. Wata kuma sabuwa ce fil, amma ta riƙa ƙona min maƙogwaro da bauri, an cika mata fure ba a bari ta huta ba.

Bulus: Ka gani! Abin da nake faɗa ke nan. Hazo mayafi ne, gwani da ɗan koyo duk suna shiga ciki.

Talatu: To ai shi ma da hanci da harshe ya kama su, ba da ido ba. Mayafin bai rufe komai ba ke nan.

Malam Sani: Launin ma ya tona ta. Irin wannan giya ta fi kowace saurin lalacewa da iska, shi ya sa ake ajiye ta a sanyi a sha cikin 'yan makonni. Inda zan bi bayan Yaya Bulus shi ne masu neman hazon don kansa, har a ji wasu na ƙara gari don kofi ya yi kyau a hoto. Wannan ha'inci ne, ko kai Danjuma ba za ka kare shi ba.

Danjuma: Ba zan kare ba. Yaya, in zan zo Disamba zan riƙo maka gwangwani biyu, ka rufe ido ka ɗanɗana.

Bulus: Daga Boston zuwa Jos, ta kwana a jaka, ta sha zafin Abuja? Malam Sani ya riga ya faɗa maka abin da zai same ta. In ka kawo, kwanan watan da ke gindin gwangwanin zan fara dubawa, kuma a kofi zan zuba, idona a buɗe.