Hon ɗin motata wani lokaci ya yi, wani lokaci shiru

Mai Tsohuwar Mota:
Assalamu alaikum. Sati uku ke nan hon ɗin motata ya ƙi tsayawa a magana ɗaya. Da safe in na danna sai ya yi ƙara lafiya lau, da rana kuma in danna har tafin hannuna ya yi zafi, ko motsi. Jiya wani yaro ya faɗo titi a kan keke, na danna, shiru. Birki ne ya cece mu da ikon Allah, har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake. Na zare fiyus ɗinsa mai lamba 10, na haska shi, bai ƙone ba. Na dai lura ya fi ɗaukewa bayan ruwan sama ko in an wanke motar. Daga ina zan fara?

Tsohon Mai Wayarin:
Wa'alaikumus salam. Allah ya ƙara tsarewa, Malam. Fiyus in ya ƙone ya ƙone ke nan, ba ya dawowa da rana, sai dai in mazauninsa ne ya saki. Buɗe bonet, ka sa wani ya danna hon, kai kuma ka kasa kunne a akwatin fiyus. In ka ji rile, wato ɗan makunnin da ke tura wa hon wuta, ya yi ƙas amma hon bai yi ba, to sitiyari ba shi da laifi. Musanya rilen da wani irinsa sak daga cikin akwatin ka gani.

Amma tunda ka ambaci ruwa, ni hon ɗin kansa nake zargi. Yana can gaban lagireto, inda ruwa da laka ke dukansa. Motoci da yawa waya ɗaya ce ke shiga hon, wutar kuma ta koma ta notin da ya ɗaure shi a jikin mota. Notin nan na yin tsatsa, hanya ta toshe. Kwance shi, ka goge da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ka leƙa cikin soket ɗin. Sannan ka ba hon ɗin wuta kai tsaye daga batir. In ya yi ƙara da ƙarfi, lafiyarsa ƙalau.

Direban Dare:
Tawa ba haka ta yi ba. Sai na murza sitiyari hagu hon yake yi. Ashe siririyar wayar nan da ke naɗe a bayan sitiyari ce ta fara tsinkewa, daga baya har fitilar gargaɗin jakar iska, wato jakar da ke kare direba in an yi haɗari, ta kama. Gwada dannawa kana murzawa. In ita ce, don Allah kar ka buɗe wurin da kanka, jakar na iya fashe maka a fuska. Masu aikin ma sai sun cire kan batir sun jira tukuna.

Mai Tsohuwar Mota:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Rile yana ƙas, murza sitiyari kuma bai canja komai ba. Da na zare soket ɗin sai ga wani koren gari a cikinsa, bakin wayar kuma ya yi sako-sako, da yatsa biyu ya fito. Na kankare, na matse shi da filaya, na goge notin. Yau da gangan na kwara wa wurin ruwa, na danna sau goma, duk ya amsa.