Wannan RoHS da ake rubutawa a jikin caja da lid, doka ce ko ado?

Abba Ƙofar Marusa:
Salam jama'a, dan Allah masana ina da tambaya. Ina koyon gyaran waya ne nan cikin Katsina, to kusan duk kwalin caja ko fawa bank ko iyafis da aka kawo mana daga Kano sai in ga an buga RoHS a gefe kusa da CE, har jikin lid ɗin da muke soda da shi wani akwai wani babu. Maigidana ya ce wai alama ce ta orijina, wani abokin aikinmu kuma ya ce ƙarya ne ƴan Caina ke bugawa kawai don kaya su shiga. Sannan lid mai wannan rubutun wlh taurin kai gare shi, sai ka ƙure wuta kafin ya narke kuma in ya bushe bai ƙyalli kamar wancan. Mi ke nan? Kuma dokar ta hau kanmu nan Najeriya ko ko ta can ce?

Injiniya Daurawa:
Wa'alaikassalam Abba. Maigidanka da abokinka kowa ya kama wani gefe ne. RoHS doka ce ta Tarayyar Turai, an zartar da ita a 2003 ta fara aiki 1 ga Yuli 2006, kuma ba ruwanta da ko caja za ta yi ƙarko ko za ta ƙone maka waya, abin da ta sa ido a kai guba ce da ke cikin kayan lantarki. Farko abu shida ta taƙaita: dalma, zaiba, kadmiyom, wani nau'in kuromiyom da ake shafa ma ƙarfe don kar ya yi tsatsa, sai sinadarai biyu da ake zubawa a roba don kar ta kama da wuta, PBB da PBDE. A 2015 aka ƙara huɗu na tausasa roba irin wadda ake rufe wayar wuta da ita, suka zama goma, waɗannan sun fara aiki 2019. Kowane kar ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari, kadmiyom shi kau 0.01 saboda ya fi muni, kuma ba nauyin cajar gaba ɗaya ake aunawa ba, kowane abu da kansa, sodar daban robar daban.

Batun taurin lid kuma ba laifin hannunka ba ne. Tsohon da kuka saba kuza ce da dalma, kashi 63 da 37, shina narkewa a zafin digiri 183. Wanda ba dalma yawanci kuza ce 96.5 da azurfa 3 da tagulla 0.5, sai wajen digiri 217, shi ya sa fanel ɗin sabbin wayoyi ke wahal da ku a buluwa, na'urar nan mai hura iska mai zafi, kuma dushi-dushin nan haka kamarsa take ba lalacewa ya yi ba.

Inda abokinka ya yi gaskiya, dokar ba ta da wani tambari nata na hukuma, a can Turai CE ɗin, wato alamar cewa kaya ya cika ƙa'idojin Turai, shi ke ɗauke da ita kuma kamfani ne da kansa ke shelar cewa ya cika sharaɗi, in an kama shi da ƙarya ya ɗanɗana kuɗarsa. To kayan da aka yi don kasuwar Alaba ta Legas ko Farm Centre ta Kano wa zai kama shi? Kowa na iya buga haruffa huɗu a kwali. Sai an ɗora na'urar gwaji ta XRF za a san gaskiya.

Maman Hanif:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, ban san kan waya ba amma dalma na san ta. Ɗana Abba ka bar ta kwali ka duba hannunka. Na sha tsayawa wurin masu gyara in ga yaro ya cije lid da haƙori saboda hannu biyu sun cika, ya gama ya kai hannun nan cikin ledar ƙosai ko ya ɓare goro, ko wankewa babu. Ta baki take shiga, ta tara a jini da ƙashi, babba ya yi ta ciwon kai da ciwon ciki da hawan jini, yaro ƙarami kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa kuma in ta taɓu ba ta dawowa. Maƙwabtanmu Zamfara a 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Allah ya jiƙansu, daga ƙurar dutsen zinare da ake dakawa cikin gida, dalma ce wannan ba wata ba. Ka riƙa wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci, rigar shago kuma kar ka shiga da ita cikin ƙannenka.

Sani Sola:
Hajiya ta faɗi gaskiya amma ku ƴan waya naku ma wasa ne, lid nawa ke cikin waya ɗaya? Ku zo ku ga batir. Batirin inbata guda ɗaya na 200 amfs ya fi buhun siminti nauyi kuma mafi yawansa dalma ce, in ya mutu ƴan jari bola su saye su fasa shi da gatari su tuttular da ruwan batir a ƙasa, wasu har narkawa suke a fili, ga masu ƙona wayar wuta bayan gari don su ciri jan ƙarfe hayaƙi baƙi ƙirin yara na tsaye suna kallo. Injiniya RoHS ɗin taku ta hana wannan?

Injiniya Daurawa:
Malam Sani ba ta hana ba, batir ma ba ya cikinta sam, dokarsa daban ce a can, hatta fanel ɗin sola da kuke kafawa an tsame shi. Nan gida hukumar da abin ya rataya a kanta NESREA ce, mai sa ido kan dokokin muhalli, an kafa ta 2007, ta fitar da ƙa'idojin ɓangaren kayan lantarki a 2011, mai shigo da na hannu sai ya yi rajista kuma mataccen kaya ba a yarda a shigo da shi da sunan gwanjo ba. Tun 1988 ma muna da dokar shara mai guba, bayan da aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta yanzu. Takarda dai akwai, mai bin kasuwa-kasuwa yana dubawa ne ban cika gani ba gsky.

Abba Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai, Mama in sha Allahu an daina cizon lid. To Injiniya hayaƙin da ke tashi in muna soda fa, shi ma dalmar ce muke shaƙa?

Injiniya Daurawa:
A'a, zafin ayon ɗinku na soda bai kai ya tada dalma ba, wannan hayaƙin fulos ne, ƙaron da ke cikin lid ɗin, amma shi ma yana jawo asma in an daɗe, kuma mara dalmar ya fi hayaƙi tunda wuta ta fi yawa. Ka samu ƴar fanka irin ta kwamfuta ka aje gefen tebur tana jan shi waje, kar ka duƙa kansa.