Sabar gwajin jarrabawa na jan ƙafa: RAM za a ƙara ko me?

Mai Cibiya: Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Sabar da muke yi wa yara gwajin jarrabawa da ita a nan Yelwa, Dell R720 ce ta hannu, furosesa ɗaya, RAM giga 16. In ɗalibai kaɗan ne lafiya lau. Amma da zarar zaure ya cika, kowa ya danna shiga lokaci guda, sai ta tsaya cak, yara su yi ta ɗaga hannu.

Ɗan Wunti: Wa alaikumus salam. Malam, ba sai an kai ruwa rana ba. Duk sabar da ta yi nauyi RAM take nema, wannan ko ina zan faɗe shi. Injin nan gurbi 24 gare shi, kai kuma ka bar shi da giga 16. Kai ta 64 ka huta.

Injiniya: Gurbi 24 ɗin gaskiya ne, amma 12 na furosesa na biyu ne. Tunda ɗaya ke kai, duk abin da ka soka a jerin B, wato guraben na biyun, kamar ba ka saka ba. Kuma "duk saba" ɗin nan da ka ce, ban yarda ba. Wa ya auna ya ga RAM ɗin ya cika? Malam, in an fara gwajin anjima ka buɗe Resource Monitor, manhajar da ke nuna nauyin da ke kan injin, ka ɗauko mana hoton RAM da na faifai daidai lokacin da ta tsaya.

Auta: Ina da RAM giga 8 guda biyu da na cire a kwamfutar tebur, DDR4 ne. In ana so in kawo a gwada.

Injiniya: Riƙe kayanka ƙanena. R720 DDR3 take ci, mai haƙora 240. Naka 288 ne, tsagin ma ba wuri ɗaya yake ba, in ka danna da ƙarfi gurbin za ka fasa. Ko DDR3 ɗin ne, sai an duba takardar da ke manne jikin wanda ke ciki. In ka ga PC3 ko PC3L, lamba ta biyo baya ta ƙare da R, to RDIMM ne, RAM na saba mai ECC, kuma ba a haɗa shi da UDIMM, irin na kwamfutar tebur, a inji ɗaya. Tashi ma ba za ta yi ba.

Na Gombe: Ni fa wannan ECC da kuke ta zuzutawa, dabarar cin kuɗi na ɗauke shi. Kwamfutocin shagona shekara da shekaru suna aiki da RAM na gama-gari, ba abin da ya same su.

Hajiya: Ba abin da ka gani dai, Alhaji. RAM na gama-gari in sifili ya juye ya koma ɗaya, ba mai sanar da kai. ECC yana gano irin wannan kuskuren ya gyara, ya kuma rubuta a rajista cewa ga sandar da ta fara ciwo. A 2009 an fitar da wani bincike kan sabobin Google, aka samu sama da kashi 8 cikin ɗari na sandunan RAM suna yin kuskure a shekara. A shagonka hoto ne zai ɗan lalace ko injin ya sake tashi. A wurin Malam makin yaro ne.

Na Gombe: To Google ina, Yelwa ina?

Hajiya: Su da ke da sanyi da wuta tsayayya ma ke nan.

Mai Cibiya: Ga abin da na gani ɗazu da suka cika. RAM giga 7 kawai ake amfani da shi cikin 16. Faifai kuwa ya manne a kashi 100 bai sauko ba. Manhajar gwajin MySQL take amfani da shi wajen ajiye bayanai, faifan kuma irin mai juyawa ne.

Injiniya: Ɗan Wunti, bismilla.

Ɗan Wunti: Ban janye ba, Oga. Me ke sa injin komawa faifai kowane lokaci? Rashin wurin ajiye abin da ya riga ya karanto. In RAM ya wadata, tambayoyin gaba ɗaya za su zauna a ciki, faifai ya sarara.

Hajiya: Rabin maganarka daidai ne, amma ai ga giga 9 nan zaune ba aikin fari ba na baƙi. In ba a taɓa saitin MySQL ba, mega 128 kacal yake ware wa kansa don riƙe bayanai. Ka sa masa giga 64, nan dai zai tsaya, an ba mutum buhun hatsi yana awo da murfin kwalba. Malam ya buɗe fayil ɗin my.ini, ya nemi layin innodb_buffer_pool_size, ya kai shi kamar giga 6, ya sake tayar da MySQL. Ko sisi ba zai kashe ba.

Sai dai karanto bayanai kaɗai wannan zai sauƙaƙa. Shigar yara da amsoshin da suke turawa rubutu ne, kuma InnoDB, ɓangaren MySQL mai ajiye bayanan, ba ya cewa ya gama sai ya tabbatar abin ya sauka a faifai. Faifai mai juyi 7200 a minti, ƙananan ayyuka wajen ɗari yake iyawa a daƙiƙa. SSD kuwa, faifan da ba ya juyawa, dubbai. Nan ne babu adadin RAM da zai cece ka.

Injiniya: Ƙari kan na Hajiya, a leƙa iDRAC, shafin da ake duba lafiyar sabar Dell, a duba batirin katin RAID, katin da ke sarrafa faifan. Injinan hannu da yawa da mataccen batiri suke zuwa, zafinmu kuma ba ya raga masa. In ya mutu, katin yana daina tara rubutu a ƙwaƙwalwarsa, komai sai ya jira faifai.

Ɗan Wunti: Na ji. Amma a tambayi Malam, giga 16 ɗin sanda nawa ce?

Mai Cibiya: Na buɗe na duba, ƙwaya ɗaya ce.

Ɗan Wunti: To kun gani! Furosesan nan hanya huɗu gare shi zuwa RAM, ana bin ɗaya. Wannan ma ba asara ba ce?

Injiniya: Asara ce, na ba ka wannan. Sanda huɗu iri ɗaya a gurabe A1 zuwa A4, masu farin maƙalli, sun fi ƙwaya ɗaya gudu nesa ba kusa ba. Illa dai ba ita ce ke tsayar da yara ba. In za a saya daga baya, a samo masu gudu ɗaya, don in ka gauraya duk za su bi mafi ƙarancin gudu. Kuma yanzu hunturu ne, jiki na tara wuta. A zare wayoyin wuta duka biyu, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa sanda, a riƙe ta ta gefe. Bayan an saka a bar Memtest86, manhajar gwada RAM, ya kwana yana gwadawa, kada a wayi gari a zuba wa yara kai tsaye.

Na Gombe: Ya kwana da wace wutar?

Mai Cibiya: Akwai sola, Alhaji. Asabar ba gwaji, zan gyara saitin da Hajiya ta faɗa in duba batirin, sannan in tara yara ranar Litinin mu ga ko faifan zai sauko. In bai sauko ba SSD zan fara nema.

Ɗan Wunti: Ina da huɗu masu R, zan ajiye maka su zuwa Talata. Ta wuce, wani na so.